Sawun Ɓarawo da Ƙafafun Masu Jaje

Akwai wata Juma'a cikin damina da na tabbata ko tsufa ya kwashe mini sunayen garuruwan da na zauna, ita ba za ta fita daga kaina ba. Ranar ce aka shiga gidana a unguwar Gudu ta Abuja aka yi sata da rana tsaka. Ranar ce kuma ni da wasu dattawa, waɗanda in ka tara takardun shaidar karatunmu sai sun cika akwati, muka haɗu da kyakkyawar niyya muka kai mutumin kirki bayan kanta.

Shekara talatin da 'yan kai na yi ina aikin tafinta, aikin da ya zaunar da ni a Sudan da Faransa da Turkiyya, ya kuma leƙa da ni wasu wuraren. Na dawo da Larabci da Faransanci da ɗan Turkancin sayen burodi, na kuma dawo da ciwon da ke kama duk wanda ya daɗe a waje, wato ba za a yi abu a gabana ba sai na ce, “A can ba haka ake yi ba.” Matata Hajiya takan ce da ana biyana kan wannan jimlar da tuni na sayi Abuja.

Jikata, 'yar babban ɗana, a hannunmu ta tashi. Da ta gama sakandare ta samu gurbi a wata jami'a da ke can wajen Bwari, ta ce kemistiri za ta karanta haɗe da ilimin binciken laifi. Dangi suka yi ca. Ubanta likita yake so, gwaggonta lauya, wata kuma ta tambaye ta ko in ta gama gawa za ta riƙa yankawa, wa zai aure ta. Ni na tsaya mata a gaban mutane, a gida kuwa ba ta da sakat. In ta zo hutu nakan ce, “Amarya, yau ɓarawo nawa kika kama a cikin kwalba?” Ita kuma ta ce, “Tsoho, bari in gama, da kai zan fara, in gano inda haƙoranka suka tafi.”

Duk da tsokanar, ina jin daɗin abin da take ba ni labari. Ta ce rabin karatun nasu awo ne da haɗa sinadarai a ɗakin gwaje-gwaje, sai an iya wannan kafin a bar mutum ya taɓa burushin ɗaukar zanen yatsa. Ta nuna mini yadda yatsa ke barin maiƙo da gumi a jikin gilashi, a barbaɗa masa wani gari zanen ya fito. Ta ce ana dama garin filasta, irin wanda ake silin da shi, a zuba cikin sawun da aka taka a laka, ya daskare a ɗago shi da duk tsagar da ke ƙasan takalmin. Abin da malamansu suka fi dukan kansu da shi kuwa, in ji ta, shi ne duk hannun da ya taɓa abin shaida sai an rubuta shi, in ba haka ba abin ya tashi daga shaida ya koma tarkace. Ni kuma a nan nake samun ƙofa in shigo da labarina na Faransa, yadda aka fasa gidan maƙwabcina, 'yan sanda suka zo cikin fararen kaya suka ɗaura igiya, suka hana ni hawa benen gidana har awa uku. Labarin nan na ba ta shi ya fi sau ashirin, kullum ina rufe shi da cewa mutanenmu ba su san darajar wurin da aka yi laifi ba.

Sai maigadina. Mutumin tsaunukan Filato ne, ya haura hamsin, dattijo ne a cocinsu, shekararsa goma sha ɗaya a ƙofata ko cokali bai taɓa ɓata ba. Muna da wani tsari a layinmu da ba wanda ya rubuta: ranar Juma'a Kiristoci ke sa ido a kan gidaje, ranar Lahadi mu ke sawa. Saboda haka in an tafi masallaci shi kaɗai ke rage a gidana. Abin da ya sa nake tafiya hankali kwance kenan, shi ne kuma abin da ya zame masa igiya a wuya.

Ran nan Hajiya ta tafi dubiya asibiti, ni na tafi masallaci. Na dawo na buɗe ɗakina na tarar an yi kaca-kaca da shi. An haura ta katangar baya, ta wajen wani kango, an buɗa ƙarafan taga da jek ɗin mota, an kwashe zinariyar Hajiya da kwamfutata. Ɓarawon ma bai yi gaggawa ba, don sai da ya buɗe ɗan firijin ɗakin ya tsiyaya kunun ayata a kofin gilashi ya sha, ya bar mini kofin a kan tebur. A waje, ƙarƙashin tagar, inda ruwan safe ya jiƙa wurin da Hajiya ke shuka na'a-na'a, ga sawu ɗaya raɗau kamar an buga hatimi. Katon takalmi ne mai tsaga-tsaga a ƙasa, irin na masu aikin gini. Maigadi ya zo da gudu ya tsaya kusa da ni yana salati irin nasu. Ƙafarsa 'yar ƙarama ce, cikin takalmin roba. Ko makaho ya shafa ya san wannan ƙafa ba ita ta yi wancan sawu ba.

Na kira jikata. Ban taɓa jin muryarta haka ba.

“Kaka, ka saurare ni. Ka kulle ɗakin ka sa makullin a aljihu. Kofin nan kada kowa ya taɓa, har kai. Sawun a kifa masa baho. Ka ɗauki hotonsa tukuna, ka ajiye wani abu kusa da shi, ko biro ne, don a san girmansa. Zan roƙi malaminmu kayan aiki in taho yanzu.”

Na ce, “Amarya, ni za ki koya wa? Tun ubanki yana rarrafe na ga yadda ake wannan aikin a Faransa.”

“Na sani, ka faɗa mini. Don Allah ka yi yadda suka yi.”

Daga Bwari zuwa Gudu ranar Juma'a da yamma, da goslo da komai, awa biyu ne in an yi sa'a. Awa biyu kacal aka nema a wurina. Na kulle ɗaki, maigadi ya kawo baho ya kifa da hannunsa, har ya ɗora dutse a kai. Hoton ne na ce bari in sha ruwa tukuna. Kafin in ajiye moɗa Hajiya ta dawo, ta ji abin da ya faru, ta kira yayarta tana kuka, yayar ta sa a gurup ɗin unguwa na waya. Minti ashirin ba a yi ba motoci suka fara tsayawa.

A nan sai na yi wa al'adarmu adalci. A ƙasashen da na zauna, in an yi maka sata maƙwabcinka zai ɗaga maka gira a bakin ƙofa ya ce abin bai yi daɗi ba, ya shige. Mu kuwa zuwa muke yi jaje, da ƙafa, a zauna da kai a taya ka jimami, kuma har gobe ina ganin namu ya fi. Sai dai jaje yana da haƙƙinsa. Wanda ya bar abincinsa ya zo maka, ba za ka tsayar da shi a falo ka ce masa ga ɗakin can amma ba a shiga ba. Sai ka nuna masa. Sai ya ga tagar da idonsa, ya girgiza kai, ya ce innalillahi, sannan jajensa ya cika.

Wanda ya fara isowa wani Kanar ne mai ritaya da ke ƙarshen layi, mutumin da ko gaisuwa yake yi kamar umarni yake bayarwa. A bayansa wani tsohon Darakta na ma'aikatar tarayya, wanda ya shugabanci kwamitocin bincike da yawa, ba a dai taɓa jin abin da suka gano ba. Na yi musu bayani cewa jikata ta ce kada a taɓa komai.

Kanar ya ce, “Daidai ne. Ba taɓawa za mu yi ba, dubawa za mu yi. Ina sawun?”

Da sandarsa ya ture dutsen ya ɗaga bahon. Ya sunkuya ya daɗe yana kallo, ya ce wannan lamba arba'in da biyar ce. Darakta ya gyara tabarau ya ce da girmamawa, bai kai ba, arba'in da uku ce. Kanar ya ce shi arba'in da huɗu yake sawa, yanzu za a raba gardama. Ya tattare babbar rigarsa ya ɗora ƙafa a cikin sawun, ya ɗan danna don ta zauna.

A daidai lokacin na tuna an ce in ɗauki hoto, a kuma ajiye wani abu kusa don a san girma. Na duba na ga ƙafar Kanar ai ta fi biro daraja. Na ɗauka.

Darakta ya ce Kanar bai daidaita dunduniya ba, ya matsa ya gani. Ya sa tasa. Wani lauya da ya iso ya ce takalmin sau-ciki ba ya ba da awo na gaskiya, nasa mai igiya ne, ya sa. Wani likita ya cire takalmi gaba ɗaya ya sa ƙafa tsirara, wai ta haka ake gane tsawon ƙashi. Ni da ke da labarin Faransa ina tsaye ina ɗaukar hoto, har ina ce wa mutane su ɗan matsa hasken ya shigo. Da aka ce mai gida ma ya gwada, ban ƙi ba. Mutum takwas muka taka wurin nan. Abin da ya fara a matsayin sawu ya koma wani ɗan rami mai laushi kamar an dama fura, wanda ko ƙafar raƙumi ka sa za ta zauna.

Ɗaki kuwa, wa zai hana Kanar shiga? Na ciro makulli da kaina. Na zama ɗan jagora irin na gidan tarihi: nan ya shigo, nan ya tsaya, ga durowar da ya buɗe, ina jan durowar ina mayarwa don su ga yadda aka yi. Da muka zo kan kofin sai da muryata ta canza. Na ce, “Ku dubi rashin kunya, har kunun ayata ya sha.” Darakta ya ɗauka ya ɗaga shi sama yana duban haske, ya miƙa wa lauya, lauya ya shinshina ya miƙa wa likita. Haka kofin nan ya zaga hannu-hannu kamar jariri ranar suna. Na ƙarshe ya rasa inda zai ajiye, sai ya yi abin da manya ke yi in abu ya ishe su a hannu, ya leƙa ƙofa ya ce, “Kai maigadi, karɓi wannan.” Maigadi ya karɓa da hannu biyu ya ajiye a kan dakalin baranda.

Muna fitowa Hajiya ta ji matan unguwa sun taho. Ta ce ita ba za a shiga ɗakin mijinta a gan shi kamar bola ba, a je ana yi da ita. Aka share, aka goge tebur da taga da ruwan sabulu, aka sa turaren wuta. Wani maƙwabci mai kirki, wanda ba ya son dogon surutu, ya aika unguwar Apo aka ɗauko mai walda ya miƙe ƙarafan tagar ya ƙara wasu, ya ce kada in ce komai, shi ya ɗauki nauyi. Na yi masa godiya har da riƙe hannu. In da ɓarawon nan ya ɗauki ma'aikata ya ce su bi bayansa su gyara, ba za su yi aiki mai kyau kamar namu ba.

Muna zaune a baranda ana shan lemo, sai Darakta ya yi gyaran murya irin ta kwamiti.

“Alhaji, ba wai ina zargin kowa ba ne. Amma lokacin da abin ya faru, wa ke gida?”

Na ce maigadi, amma yana ƙofar gaba, ga janareton maƙwabta yana ruri, kuma mutumin nan shekara goma sha ɗaya muna tare.

“Ai irin waɗanda suka daɗe su suka san inda komai yake,” in ji lauya.

Kanar ya buga sanda a ƙasa. “Abu mai sauƙi. Kowa a nan ya sa ƙafarsa, har mai gida. Shi ma ya sa. In ba ta shiga ba, magana ta ƙare.”

Na san sawun da na gani da farko. Na san ba nasa ba ne. Abin da ya kamata in ce kenan, da ƙarfi, a gaban kowa. Amma mutum bakwai masu manyan riguna suna kallona, sun zo mini jaje, kuma a raina na ce ai wannan hanya ce ta rufe bakinsu. Na kira shi.

“Zo ka sa ƙafarka a nan, don kowa ya huta.”

Ya dube ni. “Baba, ni ma?”

“Sa kawai. Ba komai.”

Ya sa. Ta shiga mana, ina za ta ƙi shiga? Ya ɗaga, lakar da muka gama kirɓawa ta riƙe zanen takalminsa na roba tsaf, a saman na kowa.  Darakta ya gyaɗa kai a hankali kamar wanda rahotonsa ya tabbata.

Kanar ya riga ya kira wani yaronsa na da da ke da faɗa a ji, saboda haka 'yan sanda suka zo da wuri, abin da ban taɓa gani ba. Jami'in ya duba rami, ya duba takalmin maigadi da laka a jiki. Aka ba shi labarin kofin, ya ce ina yake, aka nuna, ya ce wa ya ajiye shi nan, aka ce maigadi. Ya ce to, Oga, sai ya biyo mu ya amsa tambayoyi. Na ce a tsaya, ni ban kai ƙararsa ba. Kanar ya dafa kafaɗata ya ce in bar hukuma ta yi aikinta.

Ana sa shi a mota jikata ta sauko daga kan babur, da jaka a baya. A cikin jakar akwai garin filasta da burushi da safar hannu da ambulan na takarda, duk sai da ta sa hannu a littafi kafin a ba ta. Ta gaida dattawa har ƙasa, ta wuce bayan gida. Na bi ta, su ma suka biyo. Ta tsaya a kan ramin nan tana dubawa.

Kanar ya ce, “'Yata, kin makara, mun gama miki aikin.”

“Sannunku da ƙoƙari, Baba. Mutum nawa suka taka?”

“Kamar takwas. Tara da shi mai laifin.”

“To ai ku tara za a tafi da ku, Baba. Ko motar ce ba ta isa ba?”

Lauya ya yi dariya shi kaɗai, ya ga ba wanda ya taya shi ya haɗiye. Ta shiga ɗaki, ƙamshin turare ya tare ta, ta shafa tebur ta ga har yana ƙyalli, ta dubi sabuwar walda da ke da ɗumi. Ta fito ta dubi kofin a dakali, ba ta ko ciro safar hannun ba. Sannan ta juyo gare ni. Ba ta ce tsoho ba, ba ta ce Kaka ba.

“Alhaji, ka ga sawun kafin a taka?”

“Na gani.”

“Nasa ne?”

“A'a.”

“Ka faɗa musu?”



Asabar da Lahadi na yi ta zirga-zirga ofishin 'yan sanda, ana ce mini mai sa hannu ba ya nan, kuma maganar ta fito daga sama. Ita kuwa ta karɓi wayata ta kwashe hotunan da na ɗauka, ta jera su bisa lokacin da ke jikin kowanne, ta rubuta shafi biyu, malaminta ya duba ya gyara mata. Ran Litinin muka je tare. Babban jami'in ofishin ya fara duba hotunan da fuskar aiki. Hoto na farko ƙafar Kanar, na biyu Darakta yana dafe da kafaɗar lauya don kada ya zame, na huɗu likita da wando a naɗe. Da ya zo kan wanda kofi ke hannun Darakta yana murmushi, sai ya kife wayar ya yi dariya har da hawaye.

“Alhaji, an ce ka zauna Turai?”

Na ce an yi haka.

“To wallahi ko a ƙauyenmu sai dai a yi haka, ba a fi haka ba.”

Na ga ya sake, sai na zunguri jikata na ce ta gaya masa mutumin nan ba shi da laifi, ta faɗa da bakin masu ilimi. Ta ƙi. A gabansa ta ce, “Yallaɓai, abin da zan iya cewa shi ne ramin nan da kofin nan ba sa nuna komai a kan kowa. Zanen takalminsa yana wurin ne don an ce ya taka, yatsunsa suna kofin don an miƙa masa. Amma ba zan ce na tabbatar bai yi ba, don ban ga sawun farko ba. Da na same shi yadda yake, da na zuba filasta na kawo maka a hannu ka gwada da takalminsa.”

A mota na yi mata faɗa. Na ce kalma ɗaya ce, me za ta rage ta da shi? Ta ce in ta fara faɗin abin da ba ta auna ba don tana son mutum, gobe wani zai faɗi abin da bai auna ba don yana ƙin sa, kuma irin wannan aikin ai an riga an yi shi ranar Juma'a a bayan gidana. 

A rana ta huɗu aka sake shi saboda babu hujja. A lokacin na ɗauka magana ta ƙare. Ban san tsakanin “babu hujja” da “ba shi ba ne” akwai tafiya mai nisa ba. Kanar ya riƙa cewa a masallaci mutumin ya sha ne kawai. Matar Darakta ta hana masu aikinta tsayawa hira a ƙofarmu. A cocinsu aka ce ya ɗan dakata da zama a kujerar dattawa har ƙura ta lafa. Hajiya, wadda ta rantse ba ta zarginsa, ta fara kulle sito tana tafiya da makulli. Ɓarawon kuwa ba a sake jin ɗuriyarsa ba, kuma duk ranar da ta wuce ba a kama shi ba, laifin yana ƙara zama a kan wanda ke kusa.

Bayan mako uku ya same ni a baranda da safe, da kayansa a ɗaure cikin buhu. Na ce ya zauna, ya ƙi. Na ce zan ƙara masa albashi, zan bi gida-gida in faɗa musu abin da na gani.

“Baba, yanzu ko ka faɗa, za su ce tausayi ne.”

Na ce ya yi haƙuri da abin da 'yan sanda suka yi masa.

“Ɗan sanda bai san ni ba, Baba, aikinsa ya yi. Kanar ma bai san ni ba. Hajiya ya kulle sito, ban ji haushi ba, zinariyansa ne ya ɓata.” Ya gyara buhun a kafaɗa. “Amma kai ka ga sawun. Ni da kai muka rufe shi da baho. Kuma kai ne ka ce in sa ƙafa.”

Ya ajiye makullin get a kan kujerar da ke kusa da ni, ya ce a gaida yarinya in ta zo hutu, Allah ya ba ta sa'ar jarrabawa. Na raka shi har titi, bai waiwayo ba. Na aika masa saƙo sau biyu ta hannun wani ɗan garinsu, ya amsa gaisuwar, bai dawo ba.

Da can na ɗauka karatun jikata na kama ɓarawo ne. A wannan makon na gane rabinsa mafi girma na kare wanda bai yi ba ne, domin in shaida ta lalace ba a fasa neman mai laifi, sai dai a ɗauki wanda ya fi kusa kuma ya fi rauni. Na kuma gane sanin yadda ake yin abu daidai ba shi da wani amfani in ba za ka iya duban babban mutum da ya zo maka da alheri ka ce masa, ranka ya daɗe, tsaya daga nan ba. Yarinya 'yar shekara ashirin ta iya, a gaban jami'i da gaban kakanta. Ni na kasa, don kada a ce na yi wa baƙi rashin kunya, kuma wani ne ya biya da sunansa.